Launin Farko na Falon Baba

Tun tana ƙarama ake ce mata Tone-tone, kuma har ta yi jikoki sunan bai sake ta ba. Ba maganar mutane take tonowa ba, wannan ba halinta ba ne. Ita dai ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Ta taɓa kwance agogon bangon Baba don ta ga abin da ke ƙara a cikinsa, ta sha faɗa har ta gode Allah, washegari ta koma kan rediyo. Da ta girma ta zama tela, nan ma in aka kawo mata tsohuwar riga gyara sai ta farke ta tukuna ta ga yadda telan farko ya haɗa hannun. Amma abin da ta fi tinƙaho da shi idonta ne. A nuna mata ƙyalle sau ɗaya, ta tafi kasuwa hannu rabbana, ta dawo da zaren da ya yi daidai cif. Ba ta jira a yabe ta a kan haka, ita take yabon kanta.

Baba direban jirgin ƙasa ne a zamaninsa, kuma shi ya gina gidan da aka haife su, irin ginin shekara sittin da wani abu da suka wuce: ƙasa-ƙasa, mai faɗin baranda da manyan tagogi. Bayan rasuwar Inna ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, sai Auta, ƙanen Tone-tone, ya ɗauke shi ya kai shi wajensa a saman bene, gidan kuma aka zuba 'yan haya. Kowane ɗan haya ya zo da nasa wayon. Wannan ya toshe, wancan ya shafe, wani ya liƙa abu a kan abin da wani ya liƙa. Da na ƙarshe ya tashi, sai ga wani attajiri yana so ya saya ya rushe ya yi shaguna. Auta ba mugu ba ne, ya dai gaji da kiran a zo rufi na yoyo, don haka ya ce a sayar.

Aka kai Baba ya gani kafin a yanke shawara. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya leƙa, bai ko sa ƙafa ciki ba ya ce wannan ba gidansa ba ne, su yi yadda suka ga dama. Auta ya ɗauka izini ne. Tone-tone kuwa abin ya tsaya mata a rai, don ta ga yadda tsohon ya koma mota kai a sunkuye, shi da tun da aka kai shi benen nan ba ya komai sai kallon bango. Ta tsare Auta suka yi yarjejeniya. Zai ba ta lokaci ta tono gidan. In Baba ya shiga ya zauna, maganar sayarwa ta mutu. In ya sake juyawa daga ƙofa, ita za ta fara sa hannu a takardar sayarwa.

Ta bar wa abokiyar ɗinkinta shago, ta ɗaura tsohon zane, ta samo wani mai fenti, mutum mai sanyin hali wanda duk abin da aka ce masa sai ya ce to. Ranar farko ta kama gefen ledar da aka shimfiɗa a falo ta ja. Ƙarƙashinta wata ledar ce, ƙarƙashin wannan kuma gam baƙi ƙirin. Ta zuba ruwan zafi ta durƙusa tana kankarewa, sai ga tsakuwa fara da baƙa da kore suna leƙowa daga cikin siminti. Daɓen tarazo ne, yana nan lafiya lau, har da siraran layukan tagulla da suka raba shi gida-gida. A kan layukan nan ta koyi tsalle da ƙafa ɗaya! Ta zauna daɓas cikin ruwan tana dariya ita kaɗai. Ta kira Auta yana tsakiyar aiki, ta yi ta zuba masa bayani har ya ce ya ji, ya ji.

Daga nan abin ya zama mata kamar maye. Ta bi bangon baranda tana ƙwanƙwasawa da bayan cokali, inda ta ji ƙarar rami ta sa guduma a hankali, sai ga bulo mai huda-huda da aka cika da siminti don wani ɗan haya ba ya son iska. Ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwaƙulewa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A bayan wani katako da aka buga tsakanin kicin da falo ta samu 'yar tagar da Inna ke miƙo abinci, murfinta mai zamewa yana nan, ya dai cije. Hannayen ƙofofi da aka mulke da fenti ta kwance ta dafa a tsohuwar tukunya har fentin ya saki, ta goge da lemon tsami, suka fito rawaya suna walƙiya. Gilasan taga masu jere da suka fashe ta bi masu sayar da kayan rusau har ta haɗa irinsu. Farcenta duk ya kakkarye, bayanta na ciwo, amma kullum da asuba ita ce a ƙofar gidan kafin mai fenti ya iso.

Saura bangon falo, kuma a nan ta so ta nuna gwaninta. Ta ɗauki rezar da take farke ɗinki da ita, ta je bayan ƙofa inda ba a cika taɓawa ba, ta shiga kankare fentin hawa-hawa. Shuɗin ɗan hayan ƙarshe, fari, rawaya, wani farin, sannan kore mai sanyi. Koren nan ta san shi sarai, a cikinsa ta tashi. Wani da nan zai tsaya, amma ba Tone-tone ba. Ta ƙara sa reza, sai ga ruwan hoda mai ɗan duhu, irin na cikin gwaiba, daga shi sai siminti. Ashe akwai launin da ya riga koren! Murna ta kama ta. Ta ce a ranta wannan ne gidan Baba na ainihi, wanda ko ita ba ta sani ba.

Ta ɗauki launin a idonta ta tafi shagon masu haɗa fenti, ta wahalar da mai shagon: a ƙara ja, ya yi yawa, a sa fari, a ɗiga ƙasa-ƙasa kaɗan. Da ta dawo ta shafa ɗan kaɗan kusa da inda ta kankare, ba ka iya raba tsoho da sabo. Ta miƙa wa mai fenti bokitan ba tare da ta gaya masa inda ta samo launin ba, don tana so ya zama nata ita kaɗai. Ya ce to. Ta ce ya yi hawa biyu, ya ɗan dube ta, ya sake cewa to.

Da ƙyar Auta ya shawo kan Baba ya yarda ya sake zuwa, attajirin kuma ya fara gajiya da jira. Ranar da za a kawo Baba, Tone-tone ta gama wanke daɓe tana tsaye a tsakiyar falo tana jin kanta, sai mai fenti ya shafa bango da tafin hannu ya ce, “Hajiya, shimfiɗa ta bushe. Wane launi za mu ɗora a kai?”

Ta tambaye shi wace shimfiɗa. Ya ce ai wannan launin shi masu fentin da suke fara shafawa don sabon bango ya sha, kafin a sa fentin gaske. Shi duk zatonsa tsohon salo take so a bi tun daga tushe. Ta ja shi bayan ƙofa ta nuna masa inda ta kankare. Ya duƙa ya duba, ya ce haka ne, koren ne fentin gidan, na ƙasan shimfiɗa ce.

Idon da take taƙama da shi bai yi kuskure ko kaɗan ba, ya kwaikwayo abin da ba a yi don a gani ba, ya kwaikwayo shi daidai. Ta duba bangon, yanzu ya zame mata kamar mutumin da ya fito taro da rigar ciki. Kunya da tsoro suka haɗu mata, don ta san Baba: abu ɗaya ya gani ba daidai ba, ya juya. Ta lalubo waya za ta ce wa Auta su dakata, sai ta ji ƙarar motarsa a ƙofar gida.

Baba ya hau baranda a hankali. Rana ta ratso ta hudojin bulon ta zuba zane a ƙasa, ya tsaya ya ɗora sandarsa a kan zanen. Ya kama hannun ƙofa ya murɗa, ya sake murɗawa. Ya taka daɓen, ya goga tafin takalminsa a kan layin tagulla. Sannan ya ɗaga kai ya ga bango, ya ƙura masa ido. Tone-tone ta kasa daurewa.

“Baba, na yi kuskure,” ta ce. “Na wuce koren. Wannan ashe shimfiɗa ce. Ka ba ni lokaci kaɗan a rufe ta.”

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabon da su ji tun Inna na da rai. Ya ce shimfiɗa ce mana, wa zai gaya masa? Ya ba su labari yana yi yana share ido. Mai fentin wancan zamanin ya shafa ta ya tafi zai dawo ya ɗora kore, a lokacin Inna na da tsohon ciki, suna zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya. Ta ce ita ba za ta haihu a gidan mutane ba alhali nata na tsaye. Yana wajen aiki ta ɗauko ƙullin kayanta ta tare, ya dawo ya tarar da ita a falon nan ta kunna risho. Bayan haihuwa ta hana mai fenti shigowa saboda wari, daga baya kuma ta ce launin ya yi mata. Abokansa na aiki suka yi ta yi masa tsiya, shi da ita suka yi ta ja, bai ci nasara ba sai da jaririyar ta fara tafiya.

Ya nuna kusurwar da ke kusa da taga da sandarsa. “A can nake zaune aka miƙo mini ke,” ya ce. “Bangon nan na bayanki, ke da shi kusan launinku ɗaya.”

Mai fenti, da bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, ya tambaya ko ya je ya haɗo koren.

“Bar shi,” in ji Baba. “Na rufe wa uwarsu shi sau ɗaya, ba zan ƙara ba.”

Ya ce a kawo masa kujera. Babu kujera a gidan, sai Tone-tone ta kifa bokitin fenti ta ninka mayafinta ta ɗora, Auta ya riƙe shi ya zauna a kusurwar. Auta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ciro waya ya fita baranda neman attajirin, ya gaya masa an fasa. Baba kuwa ya jingina bayansa da bangon, ya miƙe ƙafafu a kan daɓen, ya ce wa Tone-tone in za a kawo gadonsa kada a kai shi ɗaki, a nan yake so a ajiye.