Hannun Daman Bunyaminu Rewaya

Bunyaminu ɗan masunta ne daga bakin Kwara, amma ruwa bai karɓe shi ba. Ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai. Ubansa ya gaji, ya kawo shi garejin Bagudo ya damƙa wa wani mai gyaran wayar mota. A nan ya girma, a nan aka laƙaba masa Rewaya. Teburin shayina yana kallon rumfarsa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba. Ba ya doguwar gaisuwa, kuma kullum sai ya ce na cika sukari, kullum kuma sai ya shanye. Amma direbobin da ke fitowa daga Benin da kaya niƙi-niƙi, gare shi suke barin mota da makulli su tafi gida su kwana. Ko ƙwayar shinkafa ba a taɓa cewa ta yi ƙafa a rumfarsa ba. Da wannan suna yake ci da iyalinsa, da kuma hannunsa na dama. Yatsun nan sirara ne, in ya bi waya da su yakan ji inda ta tsinke a cikin robarta tun kafin ya feɗe.

Wajen shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne manyan motoci 'yan Kwatano suka fara shigo mana da wani sabon salo. Babu sifirin a bayansu, sai wasu baƙaƙen jakunkunan roba da direbobi ke kira balan-balan. Iska ce ke ɗauke da kayan. Akwai ɗan abu da ake kira sensa, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar yawan iskar da ke ciki, ita kuma ta ƙara ko ta rage. Bunyaminu bai ji tsoronsu ba. Ya ce waya dai waya ce.

Mu kuwa a garejinmu akwai al'ada. Mota in tana tsaye kan tayoyinta ba a tokare ta. Kututture na wanda ya cire taya ne. Wanda ya sa shi haka kawai, dariya za a yi masa har ya tsufa. Duk makanikan da ke nan a ƙarƙashin sifirin suka tashi, sifirin kuwa ba ya sauka don kansa. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin cewa iska tana iya fita. Har yau in na tuna wannan wautar tamu raina ɓaci yake.

Wata ranar kasuwa da hantsi Lauwali direba ya shigo da tirela maƙare da albasa, zai ƙetara da ita. Bayanta ya ɗaga sama kamar kaza mai kiwo, balan-balan sun yi tauri, jar fitila tana ci a gaban direba.

"Malam Bunyaminu, ka taimake ni," in ji Lauwali. "Tun Zagga takai hakanga. Tsoro nikai su hwashe."

"A sauke kayan tukuna."

"Wa za ya sauke su cikin ranag ga? Albasa ta, ruɓewa takai."

Bunyaminu ya yi tsaki, ya ɗauki ɗan ƙwan fitilarsa na gwaji ya shige ƙarƙashi. Ya ce a murɗa makulli a bar shi a kunne, don ba a gwada wuta a matacciyar waya. Wayoyi uku ne ke shiga sensan. Ya taɓa ta farko, ƙwai ya kama. Ya taɓa ta ƙasa, lafiya. Ta ukun ce, mai kai saƙo, ta yi shiru. Ƙwaƙwalwar ba ta jin komai, sai ta ɗauka babu iska, take ta ɗurawa.

Ya bi wayar da yatsu, yana jan baya a ƙasa, har ya kai saman ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Can a lungu, tsakanin ƙarfen da gangar motar, ya ci karo da wani abu. Laya ce, an ɗaure ta tam da wayar ƙarfe a jikin wayoyin motar. Girgizar hanya ta sa ɗaurin ya ci robar, ya yanke ta ukun.

"Lauwali, wa aɗ ɗaura layag ga nan?"

"Innata tac ce a ɗaura, don tsarin hanya. Don Allah kak ka cire ta."

"Ba ni cire ta. Matsawa za ni yi da ita gehe."

Ya matsar da ita kuwa, ya sake ɗaure ta da tsumma. Sannan ya zura hannun dama cikin lungun, ya feɗe bakin wayar biyu, ya murɗe su wuri ɗaya. Gyaran ya yi. Abin da ke ci mini rai ke nan, gyaran ya yi daidai. Sensa ya farfaɗo, ƙwaƙwalwa ta ji iska ta yi yawa, ta buɗe mata hanya.

Ina zuba shayi na ji wani dogon huci. Na ɗaga kai na ga bayan tirela yana sauka a hankali, da albasarta da komai. Bunyaminu bai yi ihu ba, salati na ji. Aka rasa jak mai ɗaukar wannan nauyi, aka rasa wanda ya san yadda ake sa ta ta sake tashi, don wanda ya sani shi ne a ƙarƙashi. Sai da aka sauke buhunan nan da aka ce ba su saukuwa, sannan aka samu aka zaro shi. Kafin a kai shi asibiti a Birnin Kebbi hannun ya mutu. Daga wuyan hannu likita ya yanke.

Ya warke. Ya gwada aiki da hagu, waya ta ƙi murɗuwa. Matarsa Riskuwa ta sayar da awakinta, ya sari tocila da batura ya fara bin kasuwannin ƙauye. Na yi murna, na ce aƙalla ya fita daga ɗaki.

Ban yi tunanin lokacin da muke ciki ba. Shekarun nan kowa ya ji a rediyo an yanke wa wani hannu a wata jiha, kuma kowa ya san wane hannu ake yankewa, daga ina, da laifin da ke jawo shi. A Bagudo an san Bunyaminu. A ƙauyuka ba a san shi ba. In ya sunkuya zai taya gero, mai gero ta jawo ƙwaryarta. In ya shimfiɗa kayansa, maƙwabcinsa ya matsa da nasa. Duk ya shanye, bai gaya wa kowa ba.

Abin da ya karya shi a ƙauyen Kurgu ya faru, bayan azahar. Ya idar da salla yana neman takalmansa, sai wani dattijo mai farin gemu ya dafa kafaɗarsa. Ba da izgili ba, da tausayi tsantsa.

"Ɗana, kak ka ji kunya. Wanda aka tsarkake nan duniya ya huta. Allah shi karɓi tubanka."

Bunyaminu ya ce amin. Da bakinsa ya gaya mini, ya ce ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga sahu guda na kallonsa, ya san duk ɓarawo ma yana da nasa labarin mota.

Da yamma ya dawo ya zauna kan bencina, dungun hannun a cikin riga. Lauwali yana nan, ya ji komai, idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, gobe in tahi Kurgu. In tsaya bakin masallaci in hwaɗa musu gaskiya, ni da motata mun ka yi maka hakanga."

Bunyaminu ya ajiye kofinsa.

"In ka gama da Kurgu," ya ce, "gari nawa za ka bi?"

Bai sake fita daga Bagudo ba.