Motar da Kawu Ba Ya Wankewa

Shekara ashirin kawuna yana wankin mota a bakin wani ofis, kuma babu motar da ta ci masa rai kamar ta Manaja, 'yar ja mai ƙofa biyu, mai gudun tsiya. In Kawu ya gama, sai Manaja ya goga mata farin hankici. In ya ga datti, ya jefa masa hankicin a fuska a gaban kowa.

Bara ta tsufa, Manaja ya sa ta a kasuwa. Kawu ya kira bakanike ya duba.

"Kada ka saya," in ji bakanike. "Tana shan baƙin mai, ƙasanta duk ya ruɓe."

"Ni za ka gaya wa? Na fi mai ita sanin tsatsarta."

Matarsa ta ce, "Maigida, mu shida ina za mu zauna a ciki?"

Kwana uku yana juya maganar, sannan ya saya.

Yanzu kullum da safe yana ajiye ta daidai tagar Manaja, taɓo har rufi, kashin tsuntsu a gilashi. Wata takwas ke nan ko ɗigon ruwa bai zuba mata ba.