Idanu Biyu na Malam Bube Mai Hoto

Duk wanda ya san Malam Bube Mai Hoto a Wurno ya san ba ya amsa sallama sai ya rufe ido ɗaya. Zai karkata kai, ya ƙare wa fuskarka kallo, ya ce, "Matsa dama kaɗan, haske ya cinye maka hanci." Sai ka matsa, sannan ka ji wa alaikumus salam. Shagon ɗinkina na jikin nasa tun muna samari, kuma wallahi kullum sai na matsa.

Da masu waya suka fara ƙwace masa ciniki, ya tattara abin da ya tara ya je Sakkwato ya sayo sabuwar kamara, irin wadda ake ce wa marar madubi. Ya dawo ya dangwarar da ita kan teburina.

"Tela, wai ba ta da madubi."

"To sai mi?"

"Sai mi? Abin da ba shi da madubi, da mi shika ganin mutum?"

Na ce masa ni keken ɗinki na sani.

Ashe babban ruɗani na gaba. Kamarar na buƙatar lensi, gilashin nan da ake ɗaura mata a baki, wanda shi yake kira ido. Mai shagon da ya sayar masa da kamarar ya nuna masa guda biyu na ɗaukar fuska: ɗaya mai tsada, nauyi kamar dutsen niƙa, ɗaya ɗan ƙarami na roba, mai araha. Sau uku Malam Bube yana jana Sakkwato in taya shi zaɓe, ni da ban san gaban abin da bayansa ba!

Ya ɗaga mai tsadar ya ce, "Wanga mi shika yi?"

Mai shago ya ce, "Baba, yana shan haske sosai, kuma yana narkar da bayan mutum, fuska ta fito ita kaɗai."

"Mai arahar hwa?"

"Shi ma yana yi."

"To don mi anka yi mai tsada?"

"Don ya fi."

"Ya hi da mi, tunda duk suna yi?"

Mai shago ya dube ni yana neman agaji. Ni kuwa tun daga shan haske aka bar ni a baya.

A zuwa na uku ya sayi mai araha. Muna cikin mota, ko rabin hanya ba mu ci ba, ya dafa gwiwata. "Tela, an cuce ni."

"Wa yac cuce ka?"

"Ni da kaina."

Mako bai zagayo ba ya sayar da ragon da yake kiwo ya koma ya ɗauko mai tsadar. Kun zaci aiki zai yi da shi? Ina! Sa ni ya yi na ɗinka masa jaka mai auduga a ciki, ya kulle a akwati. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Kowane hoto rage mishi ƙarhi shikai. Ba ka ga allurarka na dakushewa ba?"

Sau ɗaya ya fito da shi don gwaji. Ya ɗauke ni da kowanne, ya wanke hotunan biyu ya rataye a ƙofa, duk wanda ya zo sai ya zaɓi wanda ya fi kyau. Aka rabu gida biyu. Wata tsohuwa daga Rabah ta duba ta duba ta ce duk biyun mutumin yunwa yake ji. Da muka matsa masa ya faɗi wanne ne na mai tsada, sai ya cire hula ya sosa kai. Bai sa alama ba.

Sai ga saƙo daga Alhaji Ladan, babban manomin albasa a Taloka. Ya ji labarin ido mai tsada, shi yake so a ɗauke shi da shi a gaban tarin albasarsa, ya aika wa dillalinsa na kudu. Na bi Malam Bube don ni na ɗinka babbar rigar da Alhaji zai sa. Alhaji ya tsaya ya buɗe ƙirji, Malam Bube ya danna. Fuska ta fito tar, har gashin gemu ana ƙirgawa. Bayansa kuwa wani jan hayaƙi kawai.

"Ina albasata?"

"Ga ta nan, Alhaji. Ta narke."

"Ta mi?"

"Aikin mai tsada ke nan."

"Ni in sha wahalar ban ruwa tun shuka, kai ka narkar min da ita da yatsa guda?"

Malam Bube ya canza zuwa mai araha. Albasa ta sake narkewa! Akwai wurin da ake murɗawa baya ya fito, mai shago ya nuna masa, amma ya manta. Ya murɗa nan, ya danna can, har rubutun kamarar ya koma wani yare. Ƙarshe 'yar Alhaji ta ɗauka da waya, albasa ta fito ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar komawa gida, muna shiga Goronyo, Malam Bube ya juyo gare ni. "Tela, da na sani..."

"Da ka sani mi?"

"Shi na ban sani ba."

A shekararsa ta ƙarshe idonsa ya yi rauni, ya rufe shago. Wata safiya ya aika aka kira ni gida. Na tarar ya zaunar da matarsa Ige kan tabarma a bakin ɗaki, ya ɗaura mai tsadar da lalube.

Ige ta ce, "Ni da tsuhwata, mi za a ɗauka?" Tana dariya tana rufe baki da gyale.

Ya jira ta sauke hannu, ya danna, ya miƙo min kamarar. "Duba min. Ya hita?"

Na duba. Ban taɓa ganin hoto irin wannan ba a Wurno. Na ce, "Ya hita, Malam."

"Tana dariya?"

"Tana yi."

Ya gyaɗa kai, ya ce in kai a wanke babba. Kafin hoton ya dawo daga Sakkwato ya kwanta, bai kuma tashi ba.

Allah Ya jiƙan Malam Bube, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya ba Ige haƙuri. Amin.