Sakatar Ɗakin Baba

Shekarar da aka tura ni koyarwa Sabon Birni, na kama ɗaki a gidan wani Alhaji mai kai wake da barkono Nijar. Maƙwabcina wani tsoho ne daga Tsamaye, wanda rashin zaman lafiya ya raba da gonarsa. Iyalinsa suna wajen dangi a Isa, shi kuwa yana tufka igiya a ƙofar gida yana sayarwa. Baba muke ce masa.

Alhaji mutum ne mai kara. Ko rufi zai duba kafin damina, sai ya aiko tun ana gobe, in ya zo kuma ya tsaya nesa da labule ya yi sallama.

Wata Laraba Baba bai fito sallar asuba ba. Har hantsi ya ɗaga ƙofarsa na rufe. Na tura, na ji da sakata ta ciki. Na ruga shagon Alhaji na kirawo shi.

Ya yi sallama sau uku. Shiru.

Na ce, "Alhaji, mu ɓalle ta. Ai gidanka ne."

Ya ce, "Ginin nawa na, Malam, amma ran da na ba shi ɗakin ga, na ba shi har da sirrinai. In barci yakai ya tashi ya gan ni bisa kainai, mi za ni ce mishi?"

Ya kafe sai liman ya zo ya shaida. Liman kuwa ya tafi jana'iza Unguwar Lalle. Ƙofar langa-langa ce, kafaɗa ɗaya ta ishe ta, ni kuma da ƙarfina a lokacin. Ban sa kafaɗar ba. Muka zauna bakin ƙofar muna ta shawara har azahar.

Da liman ya iso bai ko zauna ba. Ya ce, "Subhanallahi! Rai kuke awo da sirri? Ku buɗe."

Muka tarar da Baba a ƙasa, tsakanin tabarma da ƙofa. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, amma idonsa biyu. Duk abin da muka faɗa tun hantsi a kunnensa muka faɗe shi. Alhaji ya durƙusa ya tallafi kansa yana cewa, "Ka gafarce ni, Baba." Baba ya dube shi kawai.

Kwana uku ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Ban tambayi likita ko da mun buɗe da wuri zai tashi ba. Na ji tsoron amsar.

Bayan sadakar bakwai Alhaji ya bi mu 'yan haya ɗaki ɗaki. Da ya zo nawa ya ce, "Malam, in wata rana na kira ka ban ji motsinka ba, ka yarje mini in shiga?"

Na ce na yarje. Ya ce in sake faɗa gaban shaidu, ya kira maƙwabta biyu, na sake.