Takwaran Da Ya Ɗauke Takardata

Mu uku ne muke amsa suna ɗaya a yankinmu, sunan yanka ɗaya, sunan uba ɗaya. Na farko ɗan kokawa ne daga Boyekai, wanda a shekarun ƙarfinsa da wuya a tashi wasa daga Goronyo har Sakkwato ba a ambace shi a rediyo ba. Na biyu ɗan siyasa ne daga wajen Rabah. Na ukun ni ne, manomin albasa a fadamar Wurno, wanda in ban da dillalan kasuwar Achida ba wanda ya san da zamansa.

Ban taɓa jin haushin haɗa suna da ɗan kokawar ba. Duk ranar da ya yi kaye, ina shiga kasuwa abokai za su ɗaga mini hannu suna cewa, "Ga shi nan, jiya mutum ukku yak kayas!" Ni da ko buhu sai an kama mini nake ɗagawa. In yi dariya in wuce, raina fes.

Ɗan siyasar kuwa na san shi tun ba shi da gemu. A makarantar kwana muka yi karatu tare, ajinmu ɗaya. Da malamai suka gaji da rikicewa sai suka raba mu da gari: ni na Wurno, shi na Rabah. Ba ya son karatu. Muna aji huɗu ya tattara kayansa ya bi motocin babansa masu kai hatsi kudu. Ni na zauna na gama, na rubuta jarrabawar fita, sakamako ya yi kyau, har kwalejin horon malamai ta ce in kawo takardar shaidata in fara.

Bayan girbi na je makaranta karɓar takardar. Akawu ya buɗe kundi, ya bi layi da yatsa, ya juyo mini shi.

"Ai ka amsa. Ga sa hannunka nan."

"Malam, wanga ba hannuna na ba."

"Sunanka na, ko ba sunanka na ba?"

"Sunana na."

"To mi kaka so in yi ma?"

A wancan lokacin ba a manna hoto a jikin takardun. Wanda ya zo ya faɗi suna, akawu ya ga dama, shi ke nan. Abin da ya rage mini kawai shi ne ɗan guntun katin da aka ba mu kafin shiga ɗakin jarrabawa, mai ɗauke da lambata. Yana cikin gafakar babana.

Ban yi dogon tunani ba na gane wanda ya yi. Babana ya sa rigarsa ta Juma'a muka hau mota zuwa Rabah. Tun hantsi muke tsaye a ƙofar gidansu, ba wanda ya shimfiɗa mana tabarma, sai da aka kira azahar uban ya fito yana sakace. Babana ya durƙusa ya yi bayani a hankali. Alhajin bai ko dube shi sosai ba.

"Sunan ga naku na ku kaɗai? Yarona ba shi gari. Ku tahi ku kai ƙara inda kunka ga dama."

Sai na ji babana ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Alhaji." Shi aka zalunta, shi yake ba da haƙuri. Har muka dawo Wurno ban iya duban fuskarsa ba.

Na yi ta zirga-zirga Sakkwato. A ce kawo takardar 'yan sanda, in kawo, a ce kawo ta rantsuwa, in kawo, a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kafin a gama, kwaleji ta rufe ɗauka. Shekarar da ta biyo ciwon ƙafa ya kwantar da babana, fadama ta dawo kaina. Daga nan ban sake fita ba. Kwana kaɗan kafin ya rasu ya kira ni ya ce, "Ka bar ma Allah." Na ce to. Bakina ne kawai ya ce.

Shekara ashirin da 'yan kai suka wuce. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, bayana ya lanƙwashe wajen dashe da ban-ruwa. Abokan ajina da na fi su ƙoƙari suka zama shugabannin makarantu, in sun gan ni a hanya su sauke gilashin mota su gaishe ni da tausayi. Tausayin nan ya fi zagi ciwo.

Wata safiya na fito na ga sunana a bangon kasuwa, da manyan baƙaƙe, ƙarƙashin hoton wani mai ƙiba da jar hula. Na Rabah ne, yana neman kujerar majalisa. Da na ji an manna takardun 'yan takara a ofishin zaɓe don jama'a su duba, sai na zaro katin nan daga gafaka na hau babur. Na tsaya gaban bango na gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya. Tawa ce. Har lissafin da na tsallake da ƙyar yana nan yadda na bar shi.

Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. Wata irin natsuwa ce ta sauko mini. Na koma gida na ci tuwo malmala biyu, har mai ɗakina ta tambaye ni ko farashin albasa ne ya tashi.

Da a ce na yi magana a lokacin, da jam'iyyarsa ta sauya shi da wani, ya koma harkar motocinsa ko ƙwarzane babu. Ba haka nake so ba. So nake ya hau, ya zauna, ya saba da iskar sama, sannan ya faɗo kowa yana kallo. Sai na kama bakina. Ko mai ɗakina ban gaya wa ba.

Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe ya shirya taro a Goronyo, ya ce duk mai irin sunansa ya zo a raba huluna. An ɗauko ɗan kokawar nan, ya manyanta, gwiwa ta fara ba shi wahala, aka tsayar da shi a kan dandamali ɗan takara yana ɗaga hannunsa yana cewa, "Mai sunan ga ba ya hwaɗuwa!" Na shiga layi kamar kowa. Da na iso gabansa ya miƙo hula, sai hannunsa ya tsaya.

"Na Wurno? Kana da rai?"

"Ina da rai, na Rabah."

Ya jawo ni jikinsa kamar masoyi, ya raɗa mini a kunne: "In Allah ya ba mu sa'a, kujerar Makka taka ta."

Na ce, "Allah shi ba ka sa'a."

Wallahi har zuciyata na faɗa. A duk yankin nan ba na jin akwai wanda ya roƙa masa nasara kamar ni. Ranar zaɓe shi na dangwala wa, na kuma sa mutanen gidana suka yi masa.

Ya ci. Aka yanka shanu a Rabah, makaɗa suka yi ta wasa sunan. Washegari da sassafe na sa katin a aljihu na tafi Sakkwato, na nemi lauyan wanda aka kayar. Ba son mutumin nake ba, ban ma taɓa jin jawabinsa ba. Wuƙa nake nema, shi ne ke kusa. Lauyan ya karanta lambar sau biyu, ya tashi da kansa ya rufe ƙofa.

Da labari ya fita, wasu ƙarti suka shigo fadamata da rana tsaka, suka tattake irin albasar da na yafa, suka yayyanka tiyon injin ban-ruwa. Maƙwabtan gona suka daina zama kusa da ni a masallaci. Ina cikin gyaran ɓarnar sai ga babur ya tsaya, wani dattijo mai faɗin ƙirji ya sauko yana ɗingishi. Ɗan kokawar ne.

"Kai na takwarana mai takarda?"

"Ni na, Baba."

Ya zauna a kan kunya ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ashe rediyo suna kawai ta faɗa, ta ce ana tuhumar wane da satar takardar makaranta. Mutanen ƙauyensu da ba su san wani mai sunan ba sai shi suka fara yi masa jaje, wasu na dariya a ɓoye.

"Ni da ko aji ɗaya ban shiga ba," in ji shi. "Da gumi da ƙasa niw wanke sunan ga, shi ya zo ya zuba mai kashi. Yaushe za a zauna kotu?"

Tun daga ranar bai fasa zama ko ɗaya ba. Shi ke gefena a mota, shi ke gefena a benci. Sai dai ya ɗora hannuwansa a gwiwa. 'Yan bangar da ke taruwa a ƙofar kotu duk sun taso suna jin kirarinsa, ba wanda ya iya matsowa.

An kawo tsohon kundin makaranta, ɓeraye sun ci gefensa. Ga sunan sau biyu, ɗaya Wurno, ɗaya Rabah, a gaban na Rabah an rubuta ya bar makaranta a aji huɗu. Lauyansa ya ce wataƙila kuskuren akawu ne. Sai namu ya miƙe ya roƙi Honarabul na Rabah ya lissafa darussan da ya rubuta. Ya fara da kyau, don ya haddace. Aka tambaye shi a wane ɗaki aka yi jarrabawar, ya ce a babban zauren taro. Zauren nan iska ta kwashe rufinsa a shekararmu, a ɗakin cin abinci muka rubuta, kuma shaidu biyu sun riga sun faɗa. Kotu ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Kallonsa nake, gumi na bin wuyan rigarsa, ina so kada ko ɗigo ɗaya ya wuce ni.

Wata shida ya yi a kan kujerar kafin a karɓe. Aka janye ɗan sandan da ke buɗe masa ƙofa, aka karɓi motar, masu cika zaurensa suka watse. Kawuna ya zo da liman suka ce ya isa haka, in yafe, kada maganar ta kai shi gidan yari. Na ce musu ba ni ke ɗaure mutum ba, amma duk ranar da aka kira ni shaida zan je, ko a kan jaki ne. Kawu ya ce zuciyata ta yi tauri. Na ce, "Gaskiya na, Kawu."

Ba a ɗaure shi ba, manya sun shiga maganar. Takardata ta dawo hannuna, ta yi ja, da shatin ninki huɗu. Ina da furfura, ban san inda zan kai ta ba.

Bara aka yi rasuwar wani dillali a Achida. Bayan an sallaci gawa na juya, sai ga na Rabah a bayana, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya yi sallama ya miƙo hannu, mutane suna kallo. Na amsa sallamar cikakkiya, don ita ta Allah ce. Hannun kuwa nawa ne, na mai da shi baya na riƙe da ɗayan. Ya daɗe da nasa a miƙe kafin ya sauke. Aka ɗauki makara, na bi sahu zuwa maƙabarta.