Ruƙayya Mai Gyaran Keke ta Arras

Ruƙayya 'yar Malam Nomau mai goro ce. A Treichville ta birnin Abidjan aka haife ta, a aji shida ta bar lakkwal, ta yi shekara bakwai tana koyon ɗinki kafin ta buɗe shagonta a unguwar Arras. Keke uku gare ta, amma na surfani shi ne ke ciyar da gidan, shi ne kuma mai yawan gardama.

Duk ran da ya tsaya sai an kira Musbahu, bakaniken da ke zama bakin kasuwar Adjamé. Ya iya aiki, babu musu. Sai dai in ya zo baya yake juya mata, ya tare keken da kafaɗa. Wata shekara, saura kwana tara babbar Sallah, riguna jibge, keken ya shiga tsinke zare. Kwana uku tana kira kafin ya zo. Ta roƙe shi ya nuna mata inda cutar take, ya yi dariya ya ce cikin keke ba tukunyar miya ba ce.

Maganar ta tsaya mata a rai. Da keken ya sake lalacewa bayan Sallah, ba ta kira kowa ba. Ta rubuta lambar keken a Yutub, ta faɗa kan wani dattijo ɗan Pakistan yana kwance irinsa. Ko kalma ɗaya ba ta ji, hannunsa kawai take bi, ta tsayar, ta mayar baya, ta sake kallo. Ranar farko allura huɗu ta karya. Mijinta Harouna ya leƙo, ya ga kusoshi baje a faranti, ya ce ta rufa wa kanta asiri ta kira mai sana'ar.

"Maigida, kekena ne. In ya mutu, a hannuna ya mutu," in ji ta.

Rana ta uku ta gano ƙugiyar da ke kama zare ce ta goce daga saitinta. Ta daidaita, keken ya ɗinka fure cikakke ba tsinkewa.

Daga nan wata ƙawarta ta sa aka jefa ta cikin wani gurup na Wasap na masu gyaran keke, daga Abidjan har Yamai. Wata uku tana sauraron saƙonninsu kawai. Ran da ta aika tambaya aka ji muryar mace, mai gurup ɗin, wani Abdulra'uf, ya cire ta, wai wurin 'yan sana'a ne. Ranar ta yi kuka don takaici. Washegari ta buɗe nata da teloli mata huɗu, dokarsa ɗaya: wadda ta gyara abu, ta ɗauki bidiyo kowa ya gani. Yanzu sun haura ɗari, har da maza.

Ɗinki ya ragu a hannunta. Yawancin safiya tana cikin gbaka, motar haya, da jakar kayan aiki, daga unguwar 220 Logements zuwa lungunan kasuwa. Sababbin kekuna masu kwamfuta har yanzu suna ba ta kashi, ta ƙona allon guda ɗaya. Wata mata a Kwatano ke koya mata su ta waya kowace Lahadi.