Kawu Ummaru a Cikin But

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Ummaru mota a unguwar Gidan Igwai ta Sakkwato ya san ba ya ɗaukar sifana sai ya shiga but. Eh, but ɗin baya, inda ake zuba kaya! Zai cire hula, ya naɗe riga, ya kwanta ya manna kunne a ƙasa, ya ce ka rufe shi ka ja. Bugu ɗaya, taka totur. Bugu biyu, saki. Bugu uku, yi kwana. A wurinsa aksul, ƙarfen nan mai juya tayoyin baya, ba ya faɗa wa kowa ciwonsa sai wanda ya kwanta kusa da shi.

"Mota ba ta ƙarya," in ji shi, "mai ita ka yin ta."

Kun tuna Malam Yohanna, malamin makarantar nan mai koyar da waƙa a cocinsu? Ya zo da ƙorafin wani gurnani da ke binsa duk inda ya je. Suka tafi Gawon Nama suka dawo, Kawu ya fito sharkaf da gumi.

"Malam, sake ja, amma ka kama bakinka."

Aka sake zagayawa. Tsit kake ji!

"Motarka lahiya lau take. Kai ka gurnani. Shekara nawa kana rera waƙa cikin hanci ba ka sani ba?"

Sai ranar da sojoji suka tare Kawu da wani mai mota a shinge, lokacin nan da ko tari ba a yi gaban mai kaki. Aka ce wa direba ya buɗe but. Yana buɗewa sai ga dattijo kwance. Soja ya yi tsalle baya ya ɗaga bindiga.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Saurare nika yi, yaro. Kun katse man ita daidai za ta hwaɗa man gaskiya."

Wallahi kafin sati ya zagayo, shi wannan sojan ya kawo motar maigidansa, ya buɗe wa Kawu but da hannunsa.

Ga shi Kawu ba ya yar da komai. Tsohon boris da taya ke juyawa a kai, ƙusa, guntun waya, kowanne da gwangwanin madararsa. Man aksul kuwa sai ya murza a yatsa, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Inna, matarsa, ta ce shekara da shekaru bai taɓa yaba miyarta ba, amma ta ji shi yana yaba mai.

To, ni ɗan ƙanwarsa, nawa labarin ba na dariya ba ne duka.

Shekarun nan da kuɗin fetur suka cika gari, kowane ma'aikaci na sayen sabuwar mota, ni sai na sayi wata tsohuwa baƙa da wani Bature ya bari. Dalili? Ta yi kama da wadda nake gani a raina in ina karanta 'yan littattafan soyayyar nan na kasuwa, inda saurayi ke tuƙi a hankali, budurwa na sunkuyar da kai. Tawa budurwar Hadiza ce, ma'aikaciyar jinya. Na yi kwana bakwai ina haddace kalaman da zan nemi aurenta da su.

Matsala ɗaya: motar na kuka daga baya, wuu-wuu, kamar kura a rami.

Ranar da zan faɗa mata, da azahar na biya wurin Kawu. Ya ce sai ya ji ta a doguwar tafiya. Na ce ba yau ba, yau zan ɗauko Hadiza daga aiki in kai ta unguwarsu, Gidan Dare. Na shiga gaida Inna. Da na fito ban gan shi ba, na ɗauka masallaci ya tafi.

Na ɗauko Hadiza, na bi doguwar hanya da gangan. Na gyara murya.

"Hadiza, tun ranar da idona ya sauka a kanki, zuciyata ta zama fadama bayan ruwan farko…"

Ƙwan!

Na ce dutse ne. Na ci gaba. "In babu ke, ni bishiya ce da…"

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Hadiza ta dafe ƙirji tana salati. Sai murya ta taso daga bayanmu: "Kai Bello! Bari zancen itace, yi kwana hagu!"

Na tsaya, na buɗe but. Kawu ya tashi zaune yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Na kama ta! Ba giyar aksul ba ta. In ta yi kuka ga kwanar hagu, boris na dama na. Sannu ɗiyata, yi haƙuri da shi, yaron kirki na, surutu ɗai garai."

Hadiza ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na faɗi abin da har yau yake ci na. Na ce, "Kawu, ka tsufa, ka zama abin dariyar gari. Ba ka ƙara taɓa motata."

Ya fito daga but ɗin. Ya kakkaɓe rigarsa, ya sa hula, ya kama hanya a ƙasa. Na bar shi ya tafi a ƙasa, jama'a!

Hadiza ta aure ni. Daga baya ta ce ba fadama ce ta ja ta ba. Cewa ta yi gidan da dattijo zai kwanta a but cikin zafin Sakkwato don lafiyar ɗansa, gidan shiga ne. Motar kuwa na kai ta wani sabon gareji, suka sauke giyar aksul suka sa wata, kukan na nan. Kullum Hadiza na cewa in je in ba Kawu haƙuri, kullum ina cewa gobe. Mukan gaisa a biki da suna, sama-sama. Ina ta tsara kalaman ban haƙuri masu daɗi irin na littafi, har aka aiko cewa Kawu ya cika.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta miƙo mini gwangwanin madara. A ciki akwai boris, an shafe shi da giris an naɗe a tsumma.

"Har Gusau ya tahi neman shi, don ya ce irin motag ga ta ƙare. Ya ce in ka zaka a ba ka. Kullum yaj ji mota ta tsaya ƙohwar gida sai ya leƙa."

Na sa aka ɗaura shi a dama. Kukan ya ɗauke ɗif.

Har yanzu in na zo kwanar hagu nakan rage gudu in kasa kunne, ko zan ji bugu uku. Shiru.

Allah ya jiƙan Kawu Ummaru, ya yalwata masa makwancinsa, shi da ya sha kwanciya a ƙunci don lafiyarmu. Ya Allah, ka isar masa da haƙurin da na kasa kaiwa. Amin.